Sawu a Barandar Fitilu

Ƙarfen fitilun ya faɗo ne da hantsi, ana tsakiyar gwajin ƙarshe na wasan kwaikwayo. Dogon ƙarfe ne da ke rataye a saman dandamali, manyan fitilu jere a jikinsa. Gefe ɗaya ya saki, ya yo ƙasa, ya sami Jarumi, babban ɗan wasan, a kafaɗa ya watsar da shi. Da ya ɗan ƙara matsawa hagu, da ba asibiti za a kai shi ba.

Gidan wasan kwaikwayon yana tsakiyar layin da ba ya hutawa. Bankuna ne a dama, dogayen benayen ofisoshi a hagu, gidajen wasa da na sinima sun cusa kansu a tsakani, motoci kuma suna ta hon tun safe har yamma. Kafin motar asibiti ta kuɓuta daga cunkoso, labari ya riga ta kaiwa ƙarshen layi. Masu gadin banki da masu goge takalma da 'yan tasi suka cika ƙofar gidan, kowa ya zama alƙali.

Mai Fitila, wanda ke kula da fitilun gidan, ya hau sama ya duba, ya sauko fuska a murtuke. Ya ce igiyar ba ruɓewa ta yi ba, yanka ta aka yi aka bar 'yan zaruruwa kaɗan suna riƙe da nauyin. A hannunsa akwai wani ƙaton almakashi da aka naɗe wa mariƙi da jan ƙyalle, wanda ya tsinto a can sama. Babu wanda bai san shi ba. Na Tela ne, matar da ke ɗinka kayan 'yan wasa.

Manajan gidan, wani dogo mai tumbi da taushin murya, shi ya tuna wa Sufeton 'yan sanda abin da ya faru jiya. Jarumi ya jefar da rigar da Tela ta ɗinka masa a ƙasa, ya ce buhu ma ya fi ta kyau. Ita kuwa ta ce masa wata rana sai wani abu ya faɗo wa ƙaton kan nan nasa. Kowa ya ji. Manaja ya faɗi haka yana girgiza kai, ya ce shi kansa ba ya son ya yarda.

Aka rufe Tela a ɗakin sayar da tikiti.

*

A layin ana kiran yayar Tela da Mai Sawu. Tana zaune a bene na can sama da ke kallon gidan wasan, a kan wani kantin magani. Ta yi shekaru tana aiki da masu gadin gandun namun daji, tana bin sawun masu kashe giwaye, har ranar da gwiwarta ta ce ta gaji. Sufeto ya san ta, domin ba sau ɗaya ba ta nemo musu mutumin da suka fid da rai da shi. Da ta ratsa taron ta shigo tana ɗan ɗingishi, bai yi mamaki ba. Ya ce ya ba ta zuwa yamma, in ba ta kawo wani abu ba zai tafi da ƙanwarta ofis.

Ta sami Tela a kan kujera, ido ya yi ja amma babu hawaye.

"Yaya, na faɗi maganar. Ba zan ce ban faɗa ba."

"Na san bakinki tun kina goye. Ina kika bar almakashin?"

Tela ta ce a kan teburin ɗinki, inda take barinsa kullum, kuma ɗakin kayan ba a kulle shi tunda makullin ya lalace. Mai Sawu ta dubi ƙafafun ƙanwarta, 'yan ƙanana cikin silifa, ta ce mata ta sha ruwa ta daina yi wa 'yan sanda tsiwa.

*

Tsanin da ke hawa sama yana bayan labule, a miƙe yake kamar sanda. Ta hau a hankali tana cije leɓe, Sufeto na biye da ita yana haki. A can sama akwai wata siririyar baranda ta katako da ta ratsa saman dandamalin, da ƙarfen dafawa guda ɗaya wanda tsatsa ta cinye. In mutum ya leƙa ƙasa, kujerun 'yan kallo sai su zama kamar akwatunan ashana.

Mai Sawu ta hana Sufeto takawa, ta durƙusa ta haska tocila a kaikaice. Ƙura ta kwanta a kan katakon, kuma ta riƙe sawu iri biyu. Na farko manya ne, a tsakiyar hanya, taku mai faɗi na wanda ya saba da wurin. Na biyu sababbi ne, na takalmin kambas, kuma ba gaba suke kallo ba. Mai su ya yi tafiya ne a kaikaice kamar ƙaguwa, yana jan ƙafa ɗaya ta tarar da ɗaya, fuskarsa na kallon ƙarfen dafawa. A bayan kowane sawu akwai wani ɗan tabo mai kama da jinjirin wata.

Ta shafa ƙarfen dafawar. Tun daga bakin tsani har inda aka yanke igiyar, an goge tsatsar jikinsa tas. A kan wata ƙusa da ta leƙo, ta ciro wani ɗan zare mai ruwan toka ta naɗe a hankici. Sufeto ya tambaye ta me ta gani. Ta ce ta ga mutumin da bai ji daɗin zuwa nan ba.

*

Kambas ɗin ba su yi wuyar samu ba. Suna kan kanta a ɗakin kaya, ƙura a tafinsu, kuma na matashin da ke maye gurbin Jarumi ne in ya yi rashin lafiya. 'Yan wasa suna tsokanarsa da suna Jiran-Gado. Suka same shi a gaban madubi yana bitar maganganun Jarumi, har da ɗaga gira.

Sufeto ya ji kamar an yi masa bushara. Ga mai takalmi, ga wanda zai ci moriyar faɗuwar Jarumi, ga shi ma ko kunya babu yana gwaji abokin aikinsa na gadon asibiti. Jiran-Gado ya rikice, ya rantse ya maimaita. Ya ce gaskiya ya sha fatan mura ta kama Jarumi, mura mai ƙarfi ma, amma bai taɓa wuce mura ba.

Mai Sawu ta miƙa masa takalman ta ce ya sa. Yana karɓa ya manta da tsoron da yake ciki, ya hau faɗa, wai wane mugu ne ya take masa bayan takalmi ya mayar da su silifa. Ya gyara su ya zura ƙafa, ta shige har da sauran wuri.

Ta ja Sufeto gefe ta yi masa bayani. Wanda ya sa takalman nan ƙafarsa ta fi su girma, shi ya sa ya take bayansu, dunduniyarsa ta leƙo waje. Tabon nan mai kama da jinjirin wata, safarsa ce ta taɓa ƙura. Wannan ya fitar da Jiran-Gado, ya kuma fitar da Tela, wadda ƙafafunta biyu za su iya shiga takalmi ɗaya.

Sufeto ya ce watakila Tela ta sa wani ne ya yi mata. Almakashin dai nata ne, maganar ma tata ce. Bai buɗe ɗakin tikiti ba.

*

Sai zargi ya koma kan Mai Fitila. Ƙafarsa kamar faranti, saman ma wurin aikinsa ne. Da aka matsa masa, sai ga ƙarya ta fito. Da farko ya ce ya duba igiyoyin da sassafe kamar kullum, amma mai gadi ya ce bai ga shigowarsa ba sai dab da fara gwaji. Mai Fitila ya sunkuyar da kai ya ce matarsa ya kai awo, ya makara, ya ji tsoron a kore shi in ya faɗa. Duban ƙarshe da ya yi wa igiyoyin jiya ne bayan an tashi, kuma lafiyarsu lau.

Mai Sawu ta roƙe shi ya hau ya ɗauko mata tocilar da ta ce ta manta. Ta tsaya tana kallo. Ya haye tsanin kamar yana hawa gadonsa, ya ratsa barandar hannu ɗaya a aljihu, ko kallon ƙarfen dafawa bai yi ba. Ya leƙo ya ce babu tocila. Ta ce af, ashe tana jakarta.

Suna cikin haka wasu jami'an duba gine-gine suka shigo da sarƙa da kwaɗo. Babbansu ya ce an kai musu ƙara cewa ginin ya tsufa, yana iya kashe mutane, don haka za su rufe shi. A layin kowa ya san gidan wasan da aka sa wa irin wannan kwaɗo ba ya sake buɗewa.

Mai gidan tsohuwa ce da 'yan wasa ke kira Mama. Ita da marigayi mijinta suka gina wurin tun benayen nan ba su tsiro ba, kuma ita ta tsara sabon wasan da za a fara nunawa a yammacin ranar. Ta je ta zauna a kujerar gaba ta ɗora sandarta a cinya, ta ce sai dai su rufe da ita a ciki. Manaja ya durƙusa kusa da ita yana lallashi. Ya ce kamfanin da ke benen maƙwabta ya daɗe yana neman sayen filin, watakila lokaci ne ya yi da za ta huta. Mama ba ta ko dube shi ba. Babban jami'in ya ga ba zai iya ɗaga tsohuwa da ƙarfi ba, ya ce zai jira 'yan sanda su gama.

*

Mai Sawu ta koma gindin tsani. Akwai wani akwati a wurin, a gefensa shatar tafin hannu mai jan tsatsa, inda mutumin ya dafa ya zauna ya canza takalmi. Ta sami irin jan a jikin sakatar ƙofar baya. A lungun da ke bayan gidan, tsakanin kwandunan shara da injinan sanyaya ɗaki masu ɗigar ruwa, ta ga inda ya jingina da bango. Gaba kaɗan akwai famfo, ƙasan wurin a jiƙe, da sawun babban takalmin fata mai santsin tafi. Daga nan sai kwalta.

Ta tsaya a bakin lungun. Mutane suna ta kwarara a gabanta, masu jakunkuna da masu waya a kunne, masu kai saƙo a kan babura, 'yan rawa da suka fito shan iska da kwalliya a fuska. Ƙafa dubu ta taka wurin tun safe. A daji, in sawu ya ɓace a kan dutse, ba ta tsayawa tana hararar dutsen. Takan tambayi kanta abin da dabbar ke bukata, ruwa ko inuwa, sai ta je can ta jira ta.

Mutumin nan ya manne da ƙarfe mai tsatsa ya goga jikinsa tun daga farko har ƙarshe. Hannu ya wanku a famfo, amma riga fa? A layin da kowa ke yawo cikin guga, ba za ka ratsa da jan layi a ciki ba a tambaye ka ba. Kantunan tufafi ba sa buɗewa da wuri. Masu wanki da guga kuwa tun gari bai gama wayewa ba suke buɗewa, saboda ma'aikatan banki.

Shagon farko ya ɓata mata lokaci. Mai shi ya ce ƙwarai an kawo riga mai jan tabo, ya yi ta bincike ya zaro ta, ashe ta wani mai dafa abinci ce da miya ta zubar wa. Na biyu ba su karɓi komai ba. Gwiwarta ta fara zugi, rana ta karkata. Na ukun yana ƙarƙashin wani bene, sai an sauka matakala, tururi ya cika shi. Mai wankin ya saurare ta, ya yi dariya, ya ce tun safe yake tunanin yadda zai yi da wannan kwat ɗin, domin tsatsa ba ta jin sabulu. Ko taɓa ta bai yi ba tukuna. Ya ɗauko ta daga rataye ya shimfiɗa a tebur.

Mai Sawu ta buɗe hankicinta ta ɗora zaren a kai. Sannan ta tambaye shi ko zai iya barin shagon na ɗan lokaci.

*

Sufeto ya tara kowa a kan dandamali, kusa da ƙarfen da ya faɗo: Tela, Jiran-Gado, Mai Fitila da Manaja. Mama na kujerarta, jami'an gine-gine na tsaye da kwaɗonsu, sauran 'yan wasa sun cika gefen labule.

Mai Sawu ta ce abu ɗaya take roƙo, kowa ya hau sama ya ratsa barandar ya dawo. Jiran-Gado ya hau da gudu. Tela ta tattare zaninta ta haye tana mita, domin can take shanya manyan labulaye in ta rina su. Mai Fitila ya ce shi an riga an gani. Aka zo kan Manaja, sai ya yi murmushi ya ɗaga hannuwa.

"Hajiya, ni ki cire ni. Kowa a gidan nan ya san ba na iya hawa sama. Ko tagar bene ba na leƙawa, jiri nake ji."

"Na yarda da kai," in ji ta. "Shi ma wanda ya yanke igiyar haka yake."

Ta bayyana musu a hankali. Mutumin ya zo da sassafe, lokacin da mai gadi kan tsallaka titi neman abin karyawa, kuma yana da makullin ƙofar baya. Takalminsa na fata ne mai santsi, ya ji tsoron zamewa a tsani, sai ya ari kambas ɗin da ya gani, ya ɗauki almakashin da ke kusa. A sama tsoro ya kama shi, ya rungumi ƙarfen dafawa ya yi ta jan jiki. Da ya gama yanka, almakashin ya suɓuce masa, kuma bai iya sakin ƙarfen ya sunkuya ya ɗauka ba. Ba don ya ɗora wa Tela ya bar shi ba. Amma da aka tsinto shi, sai ya ga ya sami wadda zai laƙa wa.

Manaja ya ce wannan tatsuniya ce mai daɗi, ya kamata Mama ta saya ta yi wasa da ita.

Mai Sawu ta yi wa mai wanki alama, ya fito daga bayan labule ya ɗaga kwat mai ruwan toka. Jan layin tsatsa ya ratsa gabanta daga aljihu zuwa aljihu, daidai inda tumbi ke turowa, da wata 'yar yagewa a gefe inda ƙusa ta kama. Ta ce ƙarfen nan a ƙirji yake kai mata, wanda ya same shi a ciki kuwa sai dogo. Mai wanki ya ce shekara da shekaru yana wanke wa Manaja kaya, kuma shi da kansa ya kawo wannan da safe, a naɗe a hammata.

Gumi ya karyo wa Manaja. Ya ce a wani wuri ya jingina, bai tuna ko ina ba ne. Sai babban jami'in gine-gine ya gyara murya ya tambayi Sufeto yaushe ne ƙarfen ya faɗo. Da aka ce da hantsi, ya ce to akwai magana, domin wayar da aka yi musu cewa wani abu ya faɗo a gidan nan, ana buɗe ofis aka yi ta. Ya dubi Manaja ya ce tun ɗazu yake tunanin inda ya san muryar nan mai taushi.

Manaja ya zauna a kan dandamali. Ya ce bai yi nufin taɓa kowa ba. Ya zaci igiyar za ta tsinke nan take, babu kowa a wurin, amma ta ƙi, shi kuma ba zai iya sake hawa ba. Ya ga an fara gwaji, ya ga Jarumi ya tsaya a ƙarƙashinta, bai ce komai ba. Mutanen benen maƙwabta sun yi masa alkawarin shugabancin babban kantin da za su gina in an rushe gidan.

Mama ta miƙe da sandarta ta tako har gabansa.

"Da hannuna na ba ka makullin gidan nan. Ajiye shi a nan."

Ya ajiye. Sufeto ya ɗaga shi, ya ce zai so ya ji sunayen waɗanda suka yi alkawarin. Da aka fito da shi, taron da ya wuni yana tsine wa Tela ya koma yana yi masa ihu, har da waɗanda suka rantse tun safe sun san ba ita ba ce.

*

Jami'an gine-gine suka hau sama da Mai Fitila, suka bi igiyoyi ɗaya bayan ɗaya suka ga babu mai aibu, suka mayar da kwaɗonsu jaka. 'Yan wasa suka taru suka ɗaga ƙarfen da sabuwar igiya, suna waƙa suna ja. Tela ta fito ta rungumi yayarta, sai a lokacin hawayen suka zo. Ba ta daɗe ba ta share su, ta ja Jiran-Gado ɗakin kaya tana faɗa, wai kafaɗunsa kamar na kaza, sai ta rage rigar Jarumin gaba ɗaya.

Da yamma layin masu sayen tikiti ya fita daga ƙofa, ya wuce banki, ya naɗe har gaban benen kamfanin da ya so rushe gidan. Wasu ma'aikatansa ma suna cikin layin, sun sassauta ɗamarar wuya suna kallon ƙasa.

Ana dab da buɗe labule Jarumi ya iso daga asibiti, hannu rataye a wuya. Ya wuce kai tsaye bayan dandamali, ya tsaya a gaban Tela a kan idon kowa, ya ce ta yafe masa, bakinsa ne ya jawo mata wunin nan. Tela na riƙe da allura a baki. Ta zare ta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ta yafe, amma ya matsa ya tare mata haske.

An cika maƙil, wasu a tsaye. Kafin a fara, Mama ta fito gaban labule ta ba da labarin abin da ya faru a taƙaice, ta ce gidan nan ba na sayarwa ba ne, yau ko gobe. Sannan ta nuna kujerar gefe inda Mai Sawu ta miƙe ƙafa tana matsa gwiwa. Mutane suka tashi tsaye. Tafin ya cika ɗakin ya fita har titi, 'yan tasi suka ɗauka da hon ba tare da sun san dalili ba.

Mai Sawu ta ɗaga hannu ɗaya, kunya ta kama ta. Ta juya ta ce wa mai wanki, wanda aka ba kujera kusa da ita, in ba su zauna ba ita za ta koma gida. Suka zauna. Fitilun suka kama gaba ɗaya, labule ya buɗe, Jiran-Gado ya tako tsakiyar dandamali cikin rigar da ta zauna masa ɗas, ya buɗe baki ya fara.